Jana'iza a Paris, jana'iza a Damagaram

A Faransa mutum kan je kamfanin jana'iza da ƙafarsa, ya sa hannu a takarda, ya biya tun yana raye. Zai zaɓi katakon akwatinsa da waƙar da za a sa masa, ya faɗi ko limamin coci yake so ko ma'aikacin kamfani, ko binnewa ko ƙonewa. Yau fiye da kashi 40 cikin ɗari ƙonewa suke zaɓa.

Badamagare da ya ji wannan sai ya riƙe baki. A unguwar Birni ko Zango, wanda ya cika da hantsi ba ya kai la'asar a gida. A yi wanka, a sa likkafani, a ɗora a makara, a yi sahu a ƙofar gida: kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada. Farin ƙyallen da aka naɗe attajiri da shi, shi ne na ɗan dako. Abin da ke bambanta wani da wani shi ne jama'a: yawan sahu, malamin da ya ja salla, da dattijon da zai miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Daga nan sai zaman makoki a kan tabarmi, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, kowa na cewa Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Ɗan Damagaram da ajali ya riska a Paris kuwa, dole danginsa su zaɓa, ko ba sa so. Doka ta wajabta akwati, ta hana binnewa kafin awa 24. Tun 1881 maƙabartun gari ba na wani addini ba ne, don haka ware wa Musulmi gefe yana hannun magajin gari, in ya ga dama. Akwai maƙabartar Musulmi ta Bobigny da aka buɗe a 1937, da ta Strasbourg ta 2012, amma ina za su isa? Kabarin ma galibi haya ne, shekara 15, 30 ko 50, kuma in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, hukuma na iya karɓe wurin. Wannan ya fi akwatin tayar wa mutane hankali.

Shi ya sa ake karo-karo a kai gawa gida: akwati a liƙe, jirgi zuwa Yamai, sannan kusan kilomita 900 a mota zuwa Damagaram.