Garin Neman Gira: Yadda Na Ɓata Tsoffin Kuɗin Mahaifina

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mun tarar da wani gwangwani a ƙasan adakarsa cike da tsoffin kuɗi: aninai da kwabbai masu huji, da sulallan azurfa na 1913 masu hoton bishiyar kwakwa, da liyari uku, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Da yake ni ne babba, ƙannena suka damƙa mini su in binciko darajarsu kafin rabon gado.

Ganin sun yi baƙi, sai na ji kunyar kai su kasuwa a haka. Na samo toka da lemun tsami, na zauna ina dirza har rabinsu suka yi fari tas. Kiran sallar magariba ne ya ceci sauran.

Washegari na kai su Kasuwar Kurmi, wurin wani dattijo mai sayar da kayan tarihi. Ya riƙe sule guda ta gefuna, ya karkata shi a hasken rana, ya ce, "Ɗana, wa ya wanke wannan?"

Na ce, "Baba, ta yaya kuka sani?"

Sai ya matso da ni. Ya nuna mini wasu siraran layuka a filin da ke kewaye da kan sarki, jere reras, duk sun nufi gefe guda. Ya ce kuɗin da ya sha yawo a hannun mutane, tudunsa ne ke fara cinyewa, ƙarzunansa kuma a warwatse suke. Tsumma da toka ne ke barin sahu a jere. Ya nuna mini baƙin da ya maƙale a lungun haruffa alhali filin ya yi fari fat, domin yatsa bai iya shiga can ba. Daga nan ya ciro wani sule nasa da bai taɓa shiga hannun jama'a ba, ya juya shi a hankali. Na ga haske yana zagaya fuskarsa kamar sifokin keke. Wannan ƙyalli tun daga wurin bugu yake, lokacin da ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa gefe. Nawa kuwa haskensa a tsaye yake, kamar na sabon cokali.

A nan na fahimci cewa baƙin azurfa ba datti ba ne. Fatar azurfar ce da kanta ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska, ta rine cikin shekaru masu yawa. Wanda ya kankare ta, jikin kuɗin ya kankare, kuma babu maƙerin da zai mayar da shi.

Dattijon ya taya waɗanda ban taɓa ba da kuɗi mai kauri. Wankakkun kuwa ya ce sai dai ya ɗora su a ma'auni ya biya nauyin azurfarsu.

A hanyar gida zuciya ta raya mini in cakuɗa su duka in yi shiru, tunda ƙannena ba za su gane ba. Amma haƙƙin magada ba abin wasa ba ne. Na tara su na faɗa musu abin da na aikata, na roƙi a sa wankakkun a cikin kasona, suka amince.

Mai karatu, idan akwai irin wannan gwangwani a gidanku, bar shi da baƙinsa. Riƙe kuɗin ta gefe, ajiye shi inda babu danshi. Idan kuma saye za ka yi, karkata shi a rana kafin ka taya.