Baƙin Ingila da Hanyar Kano

Ina aji biyu na babbar sakandare aka ce mana za mu yi baƙi daga Ingila. Malamai huɗu ne, sun taso don ƙulla zumunci tsakanin ɗalibansu da mu. Sati guda muka kwashe muna shara da shafa fenti. Aka zaɓi ɗalibai goma waɗanda bakinsu ya faɗa da Turanci, har da ni. Ana gobe za su iso, wani malami ya ja ni gefe ya ce in an tambaye ni unguwarmu in ce Kanda, kada in ce Maamobi. Nima ce kawai ta raba mu da Kanda, amma na gane nufinsa, kuma na bi umarni.

Baƙin mutanen kirki ne. Sun shiga azuzuwa, sun ɗauki hotuna, sun bar mana littattafai da sunayen yaran da za mu riƙa musayar wasiƙa da su. A wasiƙarsa ta biyu, yaron da aka haɗa ni da shi ya tambaye ni yaren da muke yi a gida, ya ce in koya masa gaisuwa. Na rubuta masa cewa Turanci muke yi. Alhali da Hausa na tashi, a kasuwar Nima ina ciniki da Twi da Ga, da yamma kuma ina gaban malam da allona. Shi harshe ɗaya gare shi da ɗan guntun Faransanci, amma ni nake jin hannuna wayam. Daga wasiƙa ta uku magana ta ƙare mana.

Da shekara ta zagayo ɗalibansu suka zo mana. Da lokacin namu ya yi, aka zaɓi yara biyu da malami ɗaya, iyaye suka ci bashin kuɗin fasfo, aka hana su biza. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to tamu ƙafa ɗaya gare ta, shi ya sa ba ta yi nisa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rainar irin wannan hulɗa. Na ga amfaninta da idona. Shirin YES, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya kai ɗaliban sakandare daga Ghana da Najeriya sun yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa, kuma wasu 'ya'yan zango sun dace. Ni kaina a ɗakin karatun yara na Nima, wanda Kathy Knowles 'yar Kanada ta taimaka aka kafa, na fara karanta littafi daga bango zuwa bango. Abin da ke damuna shi ne duk sanda aka ce "ƙetare", fuskarmu arewacin teku take kallo, kuma kullum mu ne masu miƙa hannu.

Wani dattijo ne ya farkar da ni. Bayan na gama difloma ta aikin jarida na kama aikin rediyo, wata rana na gayyaci malamai biyu da suka dawo daga ziyarar makarantu a Turai. Muna tsaka da hira sai ya bugo waya daga Nima ya ce, "Ɗana, duk wannan yawo, ba wanda ya je Kano?" Na yi dariya na ce, "Baba, Allah ya kai mu." Amma tambayar ta bi ni har gida.

Hanyar nan tsohuwa ce. Fataken goro sun bi ta tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja tun kafin a ja iyakokin yau. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ta nan ya zo Salaga, ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa a Kete Krachi har ya rasu a 1934. Yau ma hanyar ba ta toshe ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Ghana damar shiga Najeriya ba biza har kwana 90. Hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, hedikwatarta a nan Accra take, kuma ita ke shirya jarrabawar kammala sakandare ga yaron Maamobi da yaron Kwalejin Barewa ta Zariya. Ke nan malaman lissafi na makarantun biyu suna da abin tattaunawa tun ranar farko.

Ga kuma batun harshe. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana, don haka yaranmu suna jin ta amma da yawansu ba sa iya karanta ta. Sati biyu a ajin Hausa a Kano zai nuna masu cewa yaren da ake hana su yi a makaranta yana da nahawu da littattafai da farfesoshi. Yaron Kano kuma zai zo ya ga yadda Bahaushe da Dagomba da Kotokoli da Bazabarme suke kwana a gida ɗaya, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci suna layin waakye ɗaya. Kowa ya zo da ƙunshinsa, kowa ya koma da tsaraba.

Na san akwai kuɗin mota, akwai fargabar iyaye game da tsaron hanya. Sai a fara da malamai biyu daga kowane ɓangare, da hira ta waya tsakanin azuzuwa, kafin a kai ga yara. Yanzu duk shugaban makarantar da ya shigo shirina sai na yi masa tambayar dattijon nan.

Kwanan baya 'yar yayata ta ce an saka ta cikin masu tarbar baƙi a makarantarsu. Ta ce, "Kawu, me zan ce masu?" Na ce ta faɗa masu daga Maamobi take, ta lissafa masu harsunan da take ji, kuma kada su bar ajin sai ta koya masu "sannu da zuwa".