Tsohon da Aka Bari Cikin Jirgi

Ɗana,

Muna nan lafiya, sai ƙafar mamarka da ke tashi in an yi sanyi. Damina ta yi albarka, gero har ya fara fid da kai.

Ranar da ka kira a waya bakina ya mutu. Ka ce za ka ajiye aikin asibiti ka shiga makarantar tauhidi a Kagoro, daga can kuma ka tafi duk inda aka aike ka, ko Nijar ne. Na ce "to, madalla," na miƙa wa mamarka wayar. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Ɗan fari ne kai, har yau mamarka ba ta iya kama sunanka a gaban mutane. Takarda kuwa ba ta jin kunya, shi ya sa na ɗauki biro.

A daren ban runtsa ba. Na buɗe Markus sura ta fari, inda Yesu ya kira Yakubu da Yohanna a bakin tekun Galili. Shekara talatin da 'yan kai ina wa'azi a kan wurin nan, kullum ina bin bayan samarin biyu, ina yaba yadda suka tashi nan take. Ban taɓa waiwayawa na dubi Zabadi ba, tsohon da aka bari cikin jirgi da taru a hannu da 'yan ƙwadago. Ba a kira shi ba, ba a kuma nemi shawararsa ba, amma a ranar ya rasa hannuwa huɗu. Yau ni ne a cikin jirgin.

Ba zan hana ka ba. Wa ni da zan tare abin da Allah ya nufa? Amma Ubangiji da kansa, a Luka 14, ya kawo misalin mai son gina hasumiya da ke fara zama ya yi lissafi, kuma na lura samari aljihunsu kaɗai suke lissafawa. A taron matasa ana son ba da labarin 'yan mishan ukun nan da suka sauka Legas a Disamba 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ɗaya kacal, Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Ana faɗa, ana tafi, ana kama waƙa. Da wuya ka ji an ambaci uwar Gowans, wadda ta zauna a Toronto, ita ce ma ta zuga Bingham ya bi ɗanta, sannan takardar rasuwa ta iske ta a gida.

Bari in gaya maka namu, wanda ba ka sani ba sai gutsi-gutsi. Da aka aike ni ƙauyen farko kana da shekara biyu. Kayanmu duka keke ɗaya ne, tabarma, fitilar ƙwai da akwatin mamarka. Watanni aka yi ba a yarda gugarmu ta shiga rijiyar gari ba, sai mamarka ta goya ka ta tafi rafi tun assalatu, ta dawo da tulu a ka. Ɗan abin da ake aiko mana yakan yi wata uku bai zo ba. Wata rana na dawo daga wa'azi na tarar da tuwon dawa har da man shanu, na ci na ƙoshi, na yi godiya ga Allah mai ciyar da Iliya ta bakin hankaka. Sai bayan shekaru na gane kwanukan jerenta ne take fitarwa ɗaya bayan ɗaya tana sayarwa ranar kasuwa. Hankakan nan dai ita ce. Ni kuwa na hau bagade na ba da shaida, ban ko ambace ta ba.

Ƙanwarka da ta bi ka, ƙyanda ce ta kama ta a can. Asibiti tafiyar rabin yini ne a keke. Na jinkirta kwana ɗaya don ranar Lahadi ce, mutum biyar suna jirana a ƙarƙashin darbejiya. Ba zan ƙara komai a kai ba. Allah ya gafarta mini, mamarka ma ta yafe, amma ka sani ba duk abin da na kira biyayya ba ne biyayya. Wani taurin kai ne, wani kuma son a ce da ni mutumin Allah.

Na san ka shirya wa takobi. Da halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu, ba zan ce maka tsoro ne na banza ba. Yakubu ɗan Zabadi da takobin Hirudus ya tafi. Amma ɗan'uwansa Yohanna tsufa ya yi, har da zaman tsibirin Batmusa, kuma yawancinmu irin nasa ne rabonmu, biyan bashi da ƙananan kuɗi kullum. Shekara huɗu na yi kafin in yi wa mutum ɗaya baftisma. Abokan karatunka za su gina gidaje, za su ba ka kuɗin mota a ɓoye in kun haɗu wajen biki, za ka karɓa kana murmushi. Wannan ya fi cin rai, don ba mai yi maka waƙa a kai.

Saboda haka kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka yi abin da Sama'ila ya yi. Sau uku yana jin murya yana rugawa wurin Eli, tsohon ne ya gane masa mai kiran. Je wurin dattawan ekklesiyarku, waɗanda suka san halinka ba waɗanda za su yi maka tafi ba. Ka kuma binciki zuciyarka. Bara ka yi ta ƙorafin shugabanka a wurin aiki. Gajiya da mutum ba kira ba ce, ko da yake a cikin dare muryarsu kan yi kama. Kada kuma ka raina abin da ke hannunka. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950 ake wa'azi a cikinsa da allura da bandeji, mai yiwuwa Allah hannun nan naka na jinya yake nema.

Sai matarka. Ka tambaye ta, amma ba da Littafi a buɗe a cinyarka ba, don wace mai bi ce za ta ce a'a alhali an ɗora mata aya? Ka bar ta ta kwana biyu wurin mamarka su yi maganarsu ta mata, ba kai ba ni. Abin da ta faɗa bayan nan, shi ne amsarta. Ni ban yi haka ba, sanarwa kawai na yi.

In bayan duk wannan muryar tana nan, ka tafi da albarkata, kuma kada ka damu da gona, ƙanenka da yaran maƙwabta za su ishe ni. Ku zo bayan an yanke gero. Mamarka ta ce in gaya maka ta ajiye daddawa da kuka, kuma ka taho mata da man zafin nan na ƙafa, wancan ya ƙare.

Ni ne,
Babanka