Daga Dutse zuwa Jahun, ina duba ƙyauren sito

Bayan an yi roron wake na bar Dutse da sassafe na nufi Shuwarin, ina neman sanin irin ƙyauren da ya dace da ɗakin ajiyar amfanin gona. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 aka mai da Dutse babban birni, gini bai tsaya ba, kuma duk titin da ka bi sai ka ga masu walda sun jingina ƙyamaren ƙarfe a bakin hanya, an shafa musu jan fenti suna jiran mai saye. Kusan duk iri ɗaya ne. Abin da ya dame ni ke nan, domin ɗakin kwana daban, ɗakin riɗi daban.

A kasuwar Shuwarin, wadda ke ƙaramar hukumar Kiyawa, na zauna da wani dattijo mai sayen hatsi a gaban sitonsa. Na ce, Baba, ƙyauren nan naka ai ko giwa ba za ta karya shi ba. Bai ce komai ba, sai ya sunkuya ya zura yatsu biyu ta ƙarƙashinsa. Ya gaya mini ɓarawo bai taɓa shigar masa ba, amma ɓera kullum yana ciki. Kwaɗonsa mai tsada ne, sakatarsa biyu, ratar da ke tsakanin ƙyauren da daɓe kuwa ba wanda ya kula da ita ranar da aka kafa. Ratar da biro zai shige, ƙaramin ɓera ma zai shige. Ga waken nasa a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Da zarar haƙori ya huda ledar, an gama. Maganin kuma ba shi da tsada: a ɗaga dokin ƙofa da siminti, a bar ƙyauren ya kwanta a jikinsa.

Daga nan na bi hanyar Kiyawa zuwa Jahun. A ƙauyukan da ke gefen hanya rumbuna suna nan tsaye, na zana da na ƙasa, an ɗora su a kan duwatsu ko itace don kada danshi da gara su kai gare su. Na daɗe ina kallon wata rufewa. Ba ta da ƙofa a jiki sam, bakinta a sama yake, an kifa masa ɗan jinka. Wanda ya fara wannan gini ya san abokan gabarsa ɗaya bayan ɗaya: ruwa, ɓera, akuya, da hannun da ba a ba izini ba. Mu kuwa da muka koma bulo da kwano, mun huda bango mun sa ƙarfe, muka ɗauka magana ta ƙare.

A Jahun wani kafinta ya tuna mini abin da magina na dā ba sa wasa da shi, wato gabas. Hadarin daminar ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa ba a son ƙofa ta kalli can. Na ga sito biyu a layi ɗaya da suka tabbatar da zancensa. Wanda ya kalli gabas, tsatsa ta cinye gindin ƙyaurensa har ana hango buhuna, ɗayan kuwa fentinsa ma bai tashi ba. Idan fili ya tilasta maka kallon gabas, to a yi wa ƙofar 'yar rumfa a sama. Mutanen yankin ba su manta ambaliyar 2022 ba, kuma wannan ya isa dalilin ɗaga dokin ƙofa.

Katako fa? Kafintan ya ce yana da sanyi, amma gara ba ta raga masa, kuma yana kumbura da damina ya motse da hunturu har ya bar rata. Ƙarfe ya fi, muddin mai kauri ne ba langa-langa ba. Sai dai a watan Afrilu ɗakin da aka rufe ruf da ƙarfe yana dafa abin da ke ciki, don haka a bar taga ƙarama a sama, a rufe ta da ragar waya mai ƙananan ido. Zoɓo da riɗi da dabinon Dutse duk suna son iska ta ratsa su.

Inda muka yi gardama shi ne wajen buɗewa. Shi ya fi son ƙyaure ya buɗe ciki don kada ɓarawo ya samu maƙalansa. Ni na tsaya a kan waje, domin buhu ɗaya idan ya zame daga tsibi ya tokare ƙyaure ta ciki, sai an fasa bango ko rufi. Maƙalan kuwa mai walda zai iya toshe kansu yadda ba za su zaru ba. Ya yarda da rabin maganata, ya ƙara tasa: kafin a yanka ƙarfe, a sa ɗan dako ya saɓa buhu a kafaɗa ya tsaya a gurbin, a auna faɗin da shi.