Ƙullin Zare Biyu

Shekara ashirin ta yi tana aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji, kuma abin da ya fi hana ta barci a daren tsaro shi ne ƙullin zare. Idan ruwa ya taru tsakanin huhu da tantanin da ke lulluɓe da shi, sau da yawa sakamakon tarin fuka ko ciwon huhun da ya rikiɗe ya zama mugunya, lokotoro yakan huda ƙarƙashin hamata, wajen haƙarƙari na biyar, ya bi ta saman ƙashin domin jijiyoyin jini suna kwance a ƙasansa. Nan yake zura tiyo. Ɗaya bakin tiyon yana nutse kamar santimita 2 cikin ruwan kwalba, ta yadda abin da ke ciki zai fita, iska kuwa ba za ta koma ba. Wani likitan Jamus, Gotthard Bülau, ya fara amfani da wannan dabara a Hambag a 1875.

Sanya tiyo aikin mintoci ne; tsare shi aikin kwanaki ne. Zare yakan ɗinke fata, a naɗe shi a jikin tiyon a ƙulle, sannan a manna filasta ta yadda idan an fizga, filastar ce za ta ɗauki nauyin. A zafin bazara gumi yana saki filasta kafin asuba, shi ya sa takan zagaya da fitila tana taɓa kowane ƙulli da yatsa.

Wani dare ta iske wata tsohuwa ta ɗaga kwalbar jikanta ta ɗora bisa gado, don kada a taka ta. Tiyon ya miƙe, zaren ya fara yanka fata, ruwan yana neman komawa ƙirjin yaron. Ta sauke kwalbar a hankali, ta duba ƙullin, ta iske ɗaya ya kwance, na biyun ya riƙe.

"Inna, kwalbar nan ba ta hawa sama da ƙirjinsa, ko da minti ɗaya."

"Ɗiyata, ni tsoron ƙafafun mutane na ji."

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta zaunar da ita, ta nuna mata yadda ruwan cikin tiyon ke hawa da sauka tare da numfashin yaron, ta ce idan ya tsaya cik, ko tiyon ya zame, ta danne wurin da tsumman asibiti mai tsabta ta yi kira.

Daga ranar tsohuwar ta zama mai gadin kwalba, tana zaune a tabarma, ƙafafunta sun kewaye ta. Bayan kwana tara aka cire tiyon. Ita kuwa ma'aikaciyar, har ta yi ritaya ba ta taɓa yarda a bar tiyo da ƙulli ɗaya ba.