Kayan Jin Daɗin da Nake Yarda Su Ƙara wa Jakata Nauyi in Za Mu Daji

Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, masu karnuka sun soma leƙo ni suna tambayar yaushe za a fita. Duk shekara in lokacin nan ya zo sai tsohuwar gardamar nan ta tashi tsakanin dattawanmu da samari: me za a zuba a jaka, me za a bari a gida. Adda da wuƙa da ashana da tocila da ruwan sha ba mai musu a kansu. Inda ake kai ruwa rana shi ne ƙananan kayan nan da mutum ba zai mutu don rashinsu ba, amma in babu su kwana huɗu a daji sai ya zame masa kamar wata guda.

Ni ba maharbin gado ba ne, aikina rubutu ne da riƙe littafin ƙungiya. Amma shekara 11 ke nan ina bin mutanenmu daga nan Ibadan zuwa dazukan Oke-Ogun, wajajen Iseyin da Saki, sau biyu ko uku kowane rani. Mota tana sauke mu a ƙauye, daga nan sai ƙafa, awa uku ko huɗu kafin a yada zango. Duk abin da ka ɗauko a bayanka zai je, a bayanka zai dawo, kuma in Allah Ya ba da sa'a ga kyafaffen naman gyazbi ko na gada a kansa. Ruwa kaɗai, lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka mai lita 5 ta riga ta cinye maka kilo 5. Bara na ɗora jakata a sikelin wani mai masara kafin mu tashi, ta ba da kilo 14. Da na ware kayan da dattawa ke kira kayan shagwaɓa, sai na ga sun kai kilo biyu da rabi. Na mai da su jakar gaba ɗaya, kuma bana ma da su za ni.

Wanda ya fi kowanne muhimmanci a wurina shi ne gidan sauro, tare da ledar shimfiɗa mai kauri. Wanda ya saba farauta a gida Arewa yakan raina wannan, kuma yana da hujja. A can in hunturu ya kankama ƙasa a bushe take ƙayau, sauro ya ragu, ka hura wuta ka miƙe a gefenta sai asuba. Dajin nan ba haka yake ba. Dole a kusa da rafi ake zango saboda ruwa, kurmi kuwa ba ya rabuwa da sauro ko da rani. Raɓa tana sauka kamar yayyafi, ƙasa tana tsotso da sanyi daga ƙarƙashi, kuma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris hadari yana iya haɗuwa da dare ba sallama. Ledar nan ita ce tabarmarka, in ruwa ya sauko ita ce rufinka, ranar dawowa kuma a kanta ake raba nama.

Dalilin da ya sa na dage a kan barci ya wuce jin daɗin jiki. Akwai shekarar da wani yaro ya zo mana daga gida, jarumi ne, ba ya gajiya da tafiya, ya yi mana dariya da ya ga muna ɗaura gidan sauro a reshe. Dare uku yana marin kansa yana juyi. Da asubar kwana na huɗu aka tsai da shi a bakin wata kwazazzaba, sai ga shi yana gyangyaɗi a tsaye, bindigar toka a ɗure a hannunsa, mutanenmu biyu kuma suna kora daga gabansa. Sarkin Baka ya lallaɓa ya karɓe bindigar, bai ɗaga murya ba, ya ce masa, “Ɗana, yau kai ne mai gadin zango.” Muna dawowa gari da kwana tara zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, kuɗin naman da ya samu a kemis suka ƙare. Gidan sauron da ya raina bai kai nauyin kwalbar lemo ɗaya ba.

Sai kayan shayi. A nan ne ma na fi shan tsiya daga dattawa, su ne kuma suke fara miƙo kofi. Ƙaramar butar ƙarfe, ganyen shayi, sukari a gwangwanin madara mai murfi saboda tururuwa, citta da kanumfari da masoro a ƙulli ɗaya. In an wuni ana ratsa ƙaya, ƙarara ta taɓa wani yana susa, wani ya harba ya kuskure ana yi masa gori, zukata sukan yi zafi da yamma. Na sha ganin mutum biyu da ba sa kallon juna saboda gardamar karen wa ya fara kama zomo, amma buta na tafasa sai kowa ya matso, kafin a zagaya na biyu an koma labarin gida. Ga kuma amfanin da ba a cika faɗa ba: ruwan rafi ne muke sha in na jarka ya ƙare, mai buta kuwa ba ya kasalar tafasa shi. Wanda ba shi da ita yakan duƙa ya kurɓa haka nan, washegari a gan shi yana zarya bayan bishiya.

Goro ba shi da nauyi a ido, amma in ka ce ƙwarya guda za ka ɗauka, wato ɗari, sai ka ji shi a kafaɗa. Ni talatin nake ɗauka, ɗan Shagamu, a naɗe cikin ganye da ɗan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya yanƙwane, da namijin goro kamar goma. Rabinsa na baki ne, yana kashe yunwa yana kore barci lokacin tsaro. Ɗaya rabin shi ne mabuɗin hanya. Ba ma shiga dajin kowa sai mun gai da Baale na ƙauyen da maharbansa, kuma hannu da goro ya fi hannu wofi a wurin Bayarabe kamar yadda yake a wurinmu. Su ne suke nuna mana inda gonar rogon wani take don kada karnuka su yi ɓarna, da inda suka ɗana tarko, da inda iyakar gandun dajin gwamnati na Old Oyo ta fara, wanda doka ta hana farauta a cikinsa kuma akwai masu gadi. Duk wannan bayanin a kan goro biyar ko shida ake samunsa.

Akwai wani tsohon zanin atamfa da uwargida ta bar mini, ya koɗe har ba a gane adonsa. Samari suna tsokanata da shi. Shi ne mayafina da dare, shi ne tawul, in an ɗora kaya a ka shi ne gammo, da shi ake tace ruwa kafin a zuba a buta, kuma ranar da adda ta zame ta sari wani a ƙwauri gefensa muka yaga muka ɗaure. Bargo ya fi shi ɗumi, gaskiya, amma bargo in ya sha raɓa sai ya ninka nauyinsa kuma ba ya bushewa da wuri a inuwar kurmi. Zani kuwa ka shanya a reshe, kafin a gama karin kumallo ya bushe.

Ƙafa ita ce motar mafarauci, don haka ba na yi mata rowa. Safa biyu na canji, silifas na sawa a zango don ƙafa ta sha iska bayan ta wuni cikin takalmin roba, da ɗan man kaɗanya a gwangwanin Robb saboda faso da kaushi. Asuwaki da gutsuren sabulun salo ba sai an yi dogon bayani ba. Ƙaramar butar alwala ta roba a waje nake rataye ta, ba ta cin wuri. Yaji da gishiri da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a kwalbar magani su ne suke mai da garin kwaki abinci. Wanda ya taɓa cin gasasshen nama lami kwana uku a jere ba zai sake mantawa da ƙullin gishiri ba.

Rediyo ce har yau ba mu daidaita a kanta ba. Wasu suna ganin hayaniya ce da ke korar nama, kuma wanda ya zo daji ya bar duniya a gida. Ni ina ɗaukar ƙarama mai batir biyu, ba a kunna ta sai a zango bayan isha, a hankali, mu ji shirin dare na BBC Hausa a kashe. A wurin da waya ba ta da sabis, jin muryar Bahaushe daga nesa yana sanyaya rai, kuma in wani abu ya faru a hanyar da za mu bi mu koma gara mu sani tun muna ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lasifikar waya da yaran yanzu ke rataye wa a wuya. Haka matashin kai, jakarka ta isa. Risho da kananzir wahala ce a inda itace ya yi yawa. Turare kuwa, don Allah a bar shi sai ranar Juma'a, gada tana jin ƙamshinka tun kana tsallaken rafi.

Abu na ƙarshe da nake sawa a jaka ya fi duka rashin nauyi, kuma da can ba ma lissafa shi. Kowa a nan yana tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, inda aka tare mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun daga lokacin matanmu ba sa barci in mun fita, mu ma in mota ta tsaya a shingen 'yan sintiri sai gaban kowa ya faɗi. Takarda ba ta hana mugu mugunta, wannan kowa ya sani. Amma yawancin waɗanda ke tsai da mu a hanya tsoro ne ke damunsu, sun ga baƙi da karnuka da bindigogi, suna son su san su wane ne. Shi ya sa nake ƙulle katin NIN, da katin ƙungiya, da takardar izinin bindiga ga mai bindiga, da wasiƙar Sarkin Hausawa mai ɗauke da sunayenmu, duk a leda biyu cikin aljihun ciki. Da su akwai ƙaramar waya mai maɓalli wadda cajinta ke kwana biyar, da lambar Baale da ta ofishin 'yan sandan yankin a rubuce a takarda, ko da wayar ta mutu. Kafin mu shiga inda sabis ke ɗaukewa, kowa ya kira gida ya faɗi sunan ƙauyen da ranar fitowa.

Saboda haka duk mai niyyar fita bana ya same ni bayan sallar Juma'a da hoto biyu da kwafin katinsa, a sa sunansa a wasiƙa tun da wuri, don ranar tafiya ba zan ƙara sunan kowa da biro a bakin mota ba. Wanda ba shi da gidan sauro kuma ya faɗa mini, akwai guda huɗu a ofis da za a iya ba da aro, a dawo da su a wanke.