Ledar Madubi a Bamingham, Lambar Madubi a Gwammaja

A Bamingham, birni na biyu a yawan jama'a a Ingila, akwai garejin da ba a taɓa inji a cikinsa, ba a kuma fesa fenti. Aikinsu leda ne kawai. Mutum zai kawo mota garau, ya ce a naɗe masa murfin madubin gefe, hagu da dama, da baƙar leda mai ƙyalli, ya biya ya kama gabansa. Wanda ya tashi a unguwar Gwammaja ta Kano yana ganin yadda ake naɗe sabon babur tun daga tanki har wutsiya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda muka rabu da su shi ne abin da kowa ke tsoro ya sami madubinsa.

Bature tsoron ƙarce yake yi. Yawancin sababbin motoci a Ingila ba a saye su kuɗi hannu, yarjejeniya ce ta shekara uku ko huɗu da kamfani, kana biya wata-wata. Ranar da ka mayar da motar za a zagaye ta ana dubawa, duk ƙarcen da ya wuce ƙa'ida kuma a aljihunka zai fita. Madubi shi ne ya fi komai turo kai waje. Layukan unguwanni irin su Small Heath da Alum Rock an shata su tun kafin mota ta zama ta kowa, ga motoci a fake hagu da dama, sai ka lanƙwashe madubi kafin ka shiga gida. In hunturu ya zo a watsa gishiri da tsakuwa a titi saboda ƙanƙara, tayar na gaba ta riƙa feso maka su. Don haka ledar nan tun ranar da aka manna ta an san za a ɓare ta. A Jamus abin ya fi fitowa fili: tun 1971 doka ta ɗora wa tasi launin hauren giwa mai haske, har yau kuma haka abin yake a yawancin jihohinta, masu tasi da yawa kuma sai su sayi Marsandi baƙa ko ruwan azurfa, su lulluɓe ta da leda, ranar sayarwa su ɓare, fentin asali ya fito kamar ba a taɓa hawa ba.

Gayu ma yana ciki. Audi na sa wa motocinta masu harafin S murfin madubi ruwan azurfa, BMW na sa na kabon a kan wasu masu harafin M, an kuma san Mini da madubi mai tutar Birtaniya. Saurayin da ƙarfinsa bai kai can ba sai ya ari kamannin da leda. A Ingila, in ka canza launin mota gaba ɗaya dole ka sanar da hukumar DVLA a gyara takarda, amma madubi biyu ba su canza launin mota, shi ya sa daga nan ake farawa.

Na tsaya na kalli aikin, kuma ya fi ƙarfin yadda ake raina shi. Murfin madubi ba shi da shimfiɗaɗɗen wuri ko ɗaya, kamar a ce ka lulluɓe bayan ƙwarya da takarda ba tare da ta yi tamoji ba. Mai aikin ya goge shi tas da sinadarin cire maiƙo, ya yanko ledar da ta ninka murfin, ya hura mata iska mai zafi har ta yi laushi, sannan ya ja ta da hannu biyu lokaci guda ya kifa. Inda ta tattare ya ɗaga ya sake hurawa. Da ta kwanta ya bi gefe da reza a hankali, ya cusa bakin ta ƙarƙashi, ya koma ya gasa gefen har wajen digiri 90, don kada ledar ta nemi komawa yadda take a da. Wanda ya tsallake wannan gashi na ƙarshe, bakin ledarsa zai soma tashi ba da daɗewa ba.

A Gwammaja kuwa, wa ke ta ƙarce? Tun da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a 2013, A Daidaita Sahu suka cika hanya. Ka bi daga Gidan Mumbayya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da yamma, ka ga yadda suke kutsawa ta duk inda hancinsu ya shiga. In suka haɗu da madubinka, sai dai ka tsince shi yana reto da waya. Ga ɓarawo, wanda ɗaurin aure ko sallar Juma'a sun ishe shi ya ɓalle gilashin ya sa a aljihu. Madubin motar zamani kuma ba gilashi ba ne kawai: akwai ƙaramin injin da ke juya shi, akwai fitilar sigina, wani har da kyamara. Saboda haka mai mota a Kano yakan kai ta a zana lambar motar a fuskar gilashin, a kewaye bakinsa da siririn ƙarfe a buga ƙusa. Kyan madubin ya ragu, amma wa zai sayi gilashi mai lambar wani? A Bamingham wannan zane zai karya darajar mota. A Kano mai saye yakan gan shi ya ce mai motar nan ya san ciwon kayansa.

Lissafin kuɗin ma a juye yake. A Ingila ladan mai fenti da awa ake ƙirga shi, leda ta fi sauƙi. A Kano mafi yawan motoci 'yan Kwatano ne, babu kamfanin da ke jiran a mayar masa, mai fenti kuma yana nan kusa, zai fesa maka murfin madubi kafin ka dawo daga la'asar. Ledar kirki ce mai tsada, don da dala ake shigo da ita.

Duk da haka yayin ledar ya iso Kano ta TikTok da Instagram. Za ka ji mai sitika na cewa, "Alhaji, a sa baƙi ko kabon? Shi ake yi yanzu." Ba na shakkar hannun yaran nan. Wanda ya naɗe tankin babur da reza da babban yatsa bai bar kumfa ko ɗaya ba, madubi ba zai gagare shi ba. Abin da ke damuna rana ce. A Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, baƙar leda kuma ta fi kowace shan zafi. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison da kansu suna rage shekarun da suke alkawarin ledarsu za ta yi in a ƙasashe masu zafi aka manna ta, ledar kirki ke nan. Balle sitikar allon talla, wadda ake mannawa don ta fi araha. Ita takan tsuke, gam ya fito a gefe, ƙurar hunturu ta manne masa ta bar jan layi. In ta daɗe ta gasu, ranar ɓarewa sai ta taho da fenti, musamman fentin da aka sake fesawa, irin wanda ke jikin motocinmu da yawa. Ledar da aka sa don kare fenti ita ce ta ci shi.

Wanda ya ƙwallafa rai a Kano, ni dai zan ce masa ya nemi fara mai nuna fenti ko launi mai haske, ya tambayi mai sitika a fili ko ta mota ce ko ta allo, kuma ya ɓare ta da zarar bakinta ya soma tsukewa. Lambar da ke jikin gilashi kuwa ya bar ta a inda take, domin leda ba ta hana ɓarawo.